Sawu Biyu a Gindin Tsani

Jirgin feshi ya faɗi a fadamar da ke tsakanin Sakwa da Katagum ranar Juma'a, gab da magariba, lokacin da tsuntsaye jan-baki ke komawa makwancinsu. Manoman da suka gani sun ce ba ƙara ce ta ɗaga musu kai ba, shiru ne. Injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke, jirgin ya riƙa yin ƙasa a hankali har ya kafa hanci a cikin shinkafa. Matuƙiyarsa, Kyaftin Humaira, 'yar Alhaji Babayo na Katagum, ta cika kafin a fito da ita. Satinta uku da kama aikin.

Da gari ya waye, injiniyan da kamfanin jirgin ya turo ya buɗe murfin inji a gaban 'yan sanda. Notin da ke riƙe bututun mai a kwance yake. Bai karye ba, bai tsage ba, kuma babu 'yar wayar da ake ɗaure shi da ita don kada ya warware. Injiniyan ya ce wannan aikin hannu ne.

Kafin azahar mutanen Azare, inda jirgin ke tashi, sun gama shari'a. Akwai wani mai suna Maigida, mutumin Sakwa, wanda sana'arsa kama jan-baki da raga, ya soya ya kawo kasuwa. Ranar Juma'ar da safe ya je tsohon filin jirgin da ke bayan gari, ya tsaya a bakin waya yana ɗaga murya, wai gubar da ake fesawa ta kashe masa abinci, wai in Allah ya yarda jirgin nan ba zai ga kaka ba. Baki shi ke yanka wuya. Aka kama shi, manoman da tsuntsaye suka hana barci suka cika ƙofar caji ofis suna cewa a ba su shi. Alhaji Babayo kuwa, bayan an binne 'yarsa, saƙo ɗaya ya aiko: ranar Litinin a wuce da mutumin zuwa Bauchi.

Sufeto Elvis, wanda aka ba binciken, hankalinsa bai kwanta ba. Sai ya aika a kira masa Malam Sha'aban mai bin sawu.

*

Malam Sha'aban ya haura sittin, kuma rabin shekarun nan a bayan ɓarayin shanu ya yi su, daga Dambam har Jama'are. Kullum kansa a sunkuye yake tafiya, har mutane suna yabon kunyarsa, alhali shi karatu yake yi. Fuskar mutum ba ta zama masa a kai. Ƙafa kuwa, in ya gani sau ɗaya, an gama.

"Yallaɓai, ni ban san jirgi ba," in ji shi.

"Ba jirgi na kira ka ka duba ba, Malam. Ƙasa ce."

Filin babu kowa sai mai gadi. Ga kwantenar da ma'aikata ke ajiye kaya, ga wurin da ake gyaran jirgin kafin a tura shi da hannu zuwa titin tashi, an kewaye da igiya. Warin maganin feshi yana nan bai tafi ba. Ko ƙadangare babu.

An dai taki sa'a. Ranar Juma'ar an yi yayyafi, wajen ƙarfe biyu, ana tsakiyar salla, bai kai ya jiƙa riga ba ya ɗauke. Ga mai bin sawu wannan agogo ne. Sawun da ɗigon ruwa ya faɗa a cikinsa, kafin yayyafi aka taka shi. Wanda ya danne ɗigon, bayansa ne.

Ya fara da bakin waya. Ga sawun Maigida, takalmin taya irin na mutanen fadama, ya yi kai da komo kamar akuyar da aka ɗaure, duk a ƙarƙashin yayyafi, kuma bai ƙetare wayar ba.

"Ba zai yiwu ya dawo daga baya ba?" Sufeto ya tambaya.

"Sai dai in ta sama ya zo."

Da suka nufi wurin gyara, mai gadi ya ja ya tsaya nesa. Ya ce shi ba zai matsa ba. Ya nuna da haɓa wajen ramuka huɗu da ƙafafun tsani suka bari. A gindinsu ga sawun takalman aiki, manya, guda biyu, a jere kafaɗa da kafaɗa. Ana ganin inda mai su ya zo, ya hau tsani, ya sauko, ya sake hawa, ya sauko. Daga nan suka tsaya wuri ɗaya. Babu sawun da ya tafi.

"Wanda ya tsaya a nan ba da ƙafa ya bar wurin ba," in ji mai gadi, murya ƙasa-ƙasa. "Na faɗa musu, kurmin da tsuntsayen nan ke kwana yana da masu shi."

Malam Sha'aban ya ji tsigar jikinsa ta tashi, kuma bai ji kunyar hakan ba. Ya yi bisimilla, ya kwanta rub da ciki, ya kawo idonsa daidai da ƙasa. Ya daɗe a haka. Sawun bai nutse ba, ko a dunduniya ko a yatsu. Mutum ba ya tsayuwa haka, dole ya karkata wani gefe.

"Babu kowa a cikin takalman nan," ya ce. "Tuɓe su aka yi aka ajiye."

A gefe ya sami tafin ƙafa tsirara, taku biyu, sai silifas da ya miƙe zuwa ƙofar fita. Sannan ya ga wani sawun da ya fi damunsa. Ƙarami ne, siriri, ya fito daga kwantena kai tsaye zuwa gindin tsani. A nan yatsun suka nutse, alamar an sunkuya. Sai ya juya ya koma. Ya taka waɗansu ɗigon ruwan, waɗansu kuma sun faɗa a kansa. Mai shi ya zo ne daidai lokacin da yayyafin ya fara.

A cikin kwantena, ƙarƙashin benci, ga takalman nan a jere, bakinsu yana kallon ƙofa.

*

Makanikan jirgin biyu ne. Abdulrahim, dattijo mai farin gemu, da Silas, mutumin kudancin Bauchi. Shekara goma sha ɗaya suna aiki tare, tun suna gyaran manyan jiragen fasinja a Kano. Malam Sha'aban ya gan su ɗaya bayan ɗaya a inuwar kwantena.

Silas ya ce shi cikin gari ya shiga ɗauko maganin feshi, ya dawo wajen uku, ya tarar an sa sabon bututu, ya rufe murfin inji, ya sa hannu a littafi.

"Ka taɓa notin?"

"Aikin Baba Abdulrahim ba a bin bayansa, Malam."

"Ya gaya maka ya gama?"

Silas ya kalli tafin hannunsa. "Na dai tarar an gama."

Abdulrahim kuwa idanunsa sun yi ja, da silifas a ƙafarsa. Ya ce ya cire tsohon bututu ya sa sabo, lokacin salla ya yi, ya tafi. A masallaci aka sanar da shi rasuwar ƙanen mahaifinsa a Dambam, daga nan ya hau mota. Ya kira Silas waya ba ta shiga ba. Sai yau da safe ya dawo.

"Me ya sa ba ka sa takalmanka ba?"

"Zafi suke yi mini."

"Ka ɗaure notin kafin ka tafi?"

Ƙuda ya sauka a gemun dattijon bai kore shi ba. "Na sa shi a wurinsa," ya ce.

Malam Sha'aban ya sha ganin ɓarayi suna ƙarya, ya san kamanninta. Wannan ba ita ba ce. Waɗannan mutane biyu kowanne yana rufe wani abu da jikinsa, kuma ba don kansa ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to amma akwai mutum a kulle.

*

Ya je caji ofis ya ga Maigida ta tsakanin ƙarafuna. Ɗan siririn mutum ne, har yanzu rigarsa tana ƙamshin man suya, leɓensa a fashe inda wani ya same shi da dutse lokacin da ake shigo da shi.

"Na faɗa, Malam, wallahi na faɗa. Haushi ne. Kwana tara ina tsintar tsuntsaye matattu waɗanda ko kare ba zan ba ba. Amma ni ko tayar keke ban iya cirewa ba."

"Da ka bar filin ina ka je?"

"Tasha. A Sakwa na yi Juma'a. Amma wa zai tsaya mini? Duk masu shinkafa ne." Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. "An ce wanda aka kai Bauchi a kan rai ba ya dawowa. Haka ne?"

Malam Sha'aban ya juya ya fita, don ba ya son yi masa ƙarya. Tausayinsa ya kama shi ƙwarai.

*

Ƙaramin sawun na mace ne, kuma mace ɗaya aka ce masa tana zuwa filin kullum: Murja, mai kai wa ma'aikata abinci. Ya same ta a rumfarta tana wanke kwanuka. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafarta ya cire ta daga zargi, don faffaɗa ce irin ta mai yawo da tire. Duk da haka ya tambaye ta ko ta je filin ranar Juma'a, ko ta ga takalman Abdulrahim.

"Ni ba na zuwa ran Juma'a, Malam, kowa gida yake ci," ta ce. "Amma me ya haɗa ka da takalman Baba? Ai su ne alamarsa."

"Kamar yaya?"

"In ka gan su a gindin tsani, to bai gama ba, zai dawo. Ko abinci ba na zuba masa. Ran Lahadi kuma in Silas zai tafi coci, hularsa yake ratayewa a tsanin. Da can wani jan kati suke ɗaurawa, rana ta cinye shi, ba a kawo wani ba. Su dai sun san abinsu. In takalma suna waje, babu mai taɓa jirgi. In suna ciki, an gama."

"Wa da wa suka san haka?"

"Su biyu, sai ni da nake gani."

Sabo turken wawa, in ji masu magana. Malam Sha'aban ya ari kwanuka goma sha biyu a wurinta, ya koma filin da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke kwantawa ta fito da kowane sawu. Ya bi yana kife kwano a kan waɗanda yake so. Sannan ya koma kan ƙaramin sawun. Ya same shi ya sake fitowa daga kwantena, wannan karon a kan yayyafi. Bai nufi ƙofar fita ba. Titin tashi ya nufa.

Ya bi shi. Taku ne na mai natsuwa, ba gaggawa, ƙafar hagu tana ɗan buɗewa waje. Ya kewaya wani fili da babu komai a cikinsa, ya tsaya nan, ya tsaya can, irin kewayen da ake yi wa abu mai fiffike. A ƙarshe ƙafar dama ta nutse, alamar an ɗaga ta hagu an taka wani abu mai tsawo. Daga nan babu sauran sawu.

A can nesa, ta arewa, garken jan-baki ya taso kamar hayaƙi, ya lanƙwasa, ya wuce babu ko kuka. Malam Sha'aban ya tsaya shi kaɗai a inda Kyaftin Humaira ta taka ƙasa na ƙarshe, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji a dajin ɓarayi ba. Ya san ko wace ce ta ɗauke takalman. Abin da bai sani ba shi ne dalili.

*

Ranar Lahadi ya hau mota zuwa Katagum yin ta'aziyya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Babayo, ƙarƙashin rumfa. Ya tuɓe takalmansa a bakin tabarma ya zauna, aka yi addu'a aka shafa. Alhajin dogo ne, mai kaifin ido, bai yi kuka ba, carbi a hannunsa.

"An ce kai ne mai bin sawu. Ka ga na mutumin?"

"Na gani, Alhaji. Gobe da safe zan nuna, in za ka samu zuwa."

"Zan zo. Ina so in ga idonsa."

Ana cikin haka inuwa ta janye, rana ta sauka a kan takalman masu ta'aziyya. Alhaji Babayo yana tsakiyar amsa gaisuwar wani, sai ya miƙe. Mutane suka yi caa za su tare shi, ya ɗaga musu hannu. Ya sunkuya ya ɗauki tsofaffin takalman Malam Sha'aban, ya mai da su inuwa, ya jera su, ya juya bakinsu waje yadda mai su zai zura ƙafa kawai ya tafi. Ya yi wa na wani tsoho haka. Ya koma ya zauna, da alama bai ma san ya yi ba.

Wani maƙwabci ya raɗa wa Malam Sha'aban cewa haka gidan yake. Ba a barin takalmin babba a rana ko a ruwa.

Malam Sha'aban ya kasa shan ruwan da aka ajiye masa. A mota, duk tsawon hanyar Azare, ya yi ta neman yadda zai fitar da Maigida ba tare da ya ɗora wa uban nan wannan kaya ba. Bai samu ba.

*

Litinin da hantsi aka taru a filin. Ga Sufeto Elvis, ga injiniyan kamfani, ga Silas da Abdulrahim, ga Alhaji Babayo da mutanensa. Maigida yana cikin motar da za ta kai shi Bauchi, da ankwa a hannu. Manoma sun yi layi a bayan waya. Kwanukan Murja suna kife a ƙasa nan da can, kowa yana kauce musu.

Malam Sha'aban ya fara da na bakin waya. Ya ɗaga kwano ya nuna takalmin taya da ɗigon ruwa a cikinsa, ya nuna inda ya juya ya tafi. Aka yi gunaguni a bayan waya. Bai kula ba, ya wuce gindin tsani ya ɗaga kwano biyu.

"Malam Abdulrahim, da za ka tafi masallaci, ina ka bar takalmanka?"

Dattijon ya kalli sawun. "A nan."

Silas ya ɗago kai da sauri. "A'a, Baba. A ciki na same su, ƙarƙashin benci."

"Ba kai ka shigar da su ba?"

"Ni? Na taɓa ɗaga takalmanka?"

Suka tsaya suna kallon juna. Kwana uku kowannensu yana zaton ɗan'uwansa ne ya yi sakaci, yana rufa masa asiri. Abdulrahim ne ya fara magana, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Da hannu na murza notin. Ban sa sifana ba, ban ɗaura waya ba. Na ce in na dawo. Da aka gaya mini rasuwa na ce ba komai, takalmana suna nan, jirgi ba zai tashi ba."

"Ni kuma na rufe, na sa hannu ban taɓa ba," in ji Silas. "Littafi ya ce a gwada kowane noti. Ban gwada ba."

Injiniyan kamfani ya sunkuyar da kai. Shi ya san tun yaushe aka rubuto ana neman jan kati.

"To wa ya ɗauke takalman?" Alhaji Babayo ya tambaya. "Wannan shi ne ya kashe mini 'ya. Ku nuna mini shi."

Malam Sha'aban ya so ƙasa ta buɗe. Ya je ga kwanon ƙarshe, ya durƙusa, ya ɗaga shi a hankali.

"Alhaji, lokacin kowa yana masallaci, har mai gadi. Silas yana cikin gari. Mutum ɗaya ya rage a filin nan. Yayyafi ya fara, ta leƙo ta ga takalman dattijo a waje. Ba ta san alama ba ce, babu wanda ya gaya mata. Ta kai su ciki, ta jera, ta juya bakinsu ƙofa."

Alhaji Babayo ya matso, ya durƙusa a gefen Malam Sha'aban, babbar rigarsa a cikin ƙasa. Ya daɗe yana kallon ɗan siririn sawun, da yatsun da suka nutse inda ta sunkuya. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa, ya fasa.

"Ƙafar hagun tana buɗewa," ya ce. "Tun tana tatata."

Abdulrahim ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Silas ya tsuguna ya dafa shi.

"Ni na koya mata," in ji Alhaji Babayo. Ba da kowa yake ba. "Tana shekara huɗu. Har dukanta na yi a kai."

Ya yunƙura zai tashi, Malam Sha'aban ya kama shi. Bai karkaɗe rigarsa ba. Ya taka har wurin motar, mutanen bayan waya suna kallo, ya tsaya a gaban Maigida ya dubi fasasshen leɓensa.

"Yallaɓai, cire masa wannan abin," ya ce da Sufeto.

Aka cire ankwar. Maigida ya sauko yana murza wuyan hannu, bai san inda zai sa idonsa ba. Ya buɗe baki, kowa ya zaci zai yi ƙorafi, don yana da hakki.

"Alhaji, ya haƙuri?" ya ce. "Allah ya jiƙanta. Ban samu zuwa gaisuwa ba."

A nan ne Alhaji Babayo ya fashe da kuka.